Igiyar da Na Yanke a Bahar Maliya

Tun ranar da babban ɗana ya kai ni cin kifi a wani gidan abinci can wajen unguwar Ulaisha a nan Riyad na kasa zama wuri ɗaya. A ƙofar gidan abincin sun girke wani tsohon jirgin katako a kan siminti, sun shafe shi da fenti mai ƙyalli, sun rataya masa fitilu, mutane suna ta tsayawa suna ɗaukar hoto. Sambuk ne, irin wanda na yi shekara uku ina aiki a cikinsa. Na zagaya shi da sandata har sau biyu. Igiyoyin duk an ɗaura su yadda aka ga dama, wadda ya kamata ta tafi baya an kai ta gaba. Na ce wa ɗana, "Wannan da za a sa shi a ruwa, ba zai kai azahar ba ya kife." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ado ne kawai. Yalla mu shiga, kifi zai huce."

Na ci kifin ban ji ɗanɗanonsa ba. Muka koma gida unguwar Al-Badi'a, hawa na uku, inda nake zaune tun bayan rasuwar mahaifiyarsu, da gwiwoyina suka ƙi kuma yaran suka ce ba zan zauna ni kaɗai a Jidda ba. Nan Riyad babu teku. Tagogi a rufe suke yini guda, iskar da ke taɓa jikinka ta mukayyif ce, na'urar sanyaya ɗaki, daga kusurwa ɗaya take fitowa kullum, ba ta sauyawa. A da kuwa kafin in buɗe ido na san ta ina iska take busowa da kuma abin da za ta yi kafin rana ta take. Sai na tsinci kaina ina tashi daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa bakin ƙofa, in dawo in zauna, in sake miƙewa. Surukata ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba, ko in kawo shayi ne?" Na ce a'a. Ta ce, "Ko jikin ne?" Na ce ba jikin ba ne.

Ni da mahaifina da ƙafa muka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, kamar yadda mutane da yawa suke yi a wancan zamani. Mu yi tafiya, mu tsaya mu yi noma ko tsinkar auduga, mu ƙara gaba. Na bar gida ban fara azumi ba, na iso bakin teku ta ɓangaren Sudan da gemu ya fara tsiro mini. A nan mahaifina ya kwanta, bai tashi ba, ana hango ruwan da ya rage mana mu ƙetare. Da na rasa inda zan nufa, sai wani mai jirgi ya ɗauke ni aiki saboda ina jin Hausa ina jin Larabci, shi kuwa yawancin waɗanda yake ƙetarwa mutanenmu ne. Nahuda muke ce masa, wato shugaban jirgi. Siririn tsoho ne, gajere, ido ɗaya ya yi fari. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "Takari," yadda Larabawa suke kiran mutanenmu.

Jirgin ba shi da inji. Ƙaton zane ne guda ɗaya, shira'i, ake ɗaura shi jikin wata doguwar sanda da ta fi jirgin kansa tsawo, a ja ta sama a kan itacen tsakiya, iska ta tura. Har yanzu ina jin kukan katakon nan idan igiyar ruwa ta ɗaga shi, da ƙarar igiyar kwakwa tana gogar itace, da warin man kifin da muke shafa wa jikin jirgin, wanda ko ka yi wanka sau uku ba ya barinka. Da asuba a kwashe ruwan da ya tsatso cikin jirgi da guga ta fata. Da hantsi a zauna ɗinkin shira'i ko tufkar igiya. Mai girki yana da akwatin yashi da yake hura wuta a ciki, yana gasa gurasa muna ci da busasshen kifi. Matasan yanzu da ke tuƙa jiragen roba a gaɓar Jidda maɓalli suke murzawa su tafi, ko sama ba sa kallo. Mu kuwa rabin ranmu a sama yake.

Abin da muka tsana a wurin nahuda shi ne shirin faɗa. A lokacin akwai 'yan fashin teku, masu sirirran jirage masu gudu, suna tare masu ƙetarewa a tsakanin tsibirai. Su kwashe kaya, wani lokacin su kwashe mutanen ma, ba a sake jin labarinsu. Sauran masu jirage addu'a kawai suke yi su tashi. Shi kuwa duk ranar da babu fasinja sai ya fitar da mu tsakiyar ruwa ya buga ƙarfe sau uku, kowa ya ruga wurinsa. Mu goma sha ɗaya ne, kowa da aikinsa. Mai girki ya kashe wuta ya ɗauki gatari. Mutum biyu su watsa yashi a kan katako don kada ƙafa ta zame idan ruwa ko jini ya zuba. Wasu su jera buhunan dawa a gefen jirgi su zama garkuwar harsashi. A cika kowace guga da ruwa saboda gobara, a yayyafa wa shira'i ruwa don ya riƙe iska sosai. Sannan a juya jirgi, wanda shi ne aikin da ya fi kowanne wahala, domin sai an miƙar da doguwar sandar nan tsaye an zagaya da ita ɗaya ɓarin. Duk wannan kuma ba magana, ko tari ba ya so. In wani ya yi kuskure sai ya ce, "A sake." Mukan sake har tafin hannu ya fashe. Wata rana matuƙinmu, wani ƙaton mutumin Yaman, ya ce masa, "Shekara nawa muna wannan wahala ba mu ga kowa ba?" Nahuda ya ce, "Ranar da za ka gan su ba ni da lokacin koya maka."

Darasinsa ɗaya ne kullum. Jirgin da iska ta fara taɓawa shi ne a sama, ɗayan yana ƙasa. Na sama shi ke zaɓen lokacin da zai afko da lokacin da zai janye, kuma in ya matso kusa, shira'insa ya tare wa na ƙasa iska ya bar shi tsaye cak. "Ku ba da kaya, ku ba da ruwan sha," in ji shi, "amma kada ku ba da iska."

A shekarata ta biyu muka ɗauko maniyyata wajen arba'in, mutanen Kano da Gobir da Damagaram, da tsofaffi da mata masu goyo. Mun nufi gabas, iska tana zuwa daga arewa, ta hannun hagunmu. A safiya ta uku mai hangen nesa da ke saman itacen tsakiya ya sauko ya raɗa wa nahuda magana. Can arewa wani farin ɗigo ne. Nahuda ya daɗe yana kallonsa da idonsa mai gani, sannan ya ce wa mai girki ya dafa shinkafa kowa ya ci ya ƙoshi, manya da yara. Sai da aka gama cin abinci ya buga ƙarfen sau uku.

Hannuwanmu suka yi aikinsu ba tare da mun yi tunani ba. A ranar na gane amfanin wahalar nan. Ƙafafuna sun san inda za su. Tun hantsi har bayan azahar muna ƙoƙarin hawa saman iska, sau biyu muna juya jirgi, juyi mai kyau wanda ba mu taɓa yin irinsa ba. Amma mu muna da nauyin mutane da kaya, su kuwa fayau suke. Ɗigon ya zama jirgi, jirgin ya zama mutane, har muna iya ƙirga kawunansu. Sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Mu bindigoginmu biyu ne, tsofaffi.

Nahuda ya yafito ni. "Takari, tambayi mutanenka ko akwai mai lauje."

Na ɗauka ban ji daidai ba, ya maimaita. Na sauka cikin jirgi inda mutane suke cunkushe suna salati, na tambaya. Wani dattijo Badamagare ya kwance ƙunshinsa ya fito da lauje naɗe cikin tsumma, wanda yake yankan ciyawa da shi a hanya yana samun abinci. Ya ce, "Jiya na wasa shi, ban san dalili ba." Nahuda ya sa aka ɗaure shi tamau a bakin doguwar gorar da muke tura jirgi da ita daga gaɓa, ya miƙo mini. Ya ce in gaya wa mata da tsofaffi su kwanta a ƙasa a rufe su da tabarmi, majiya ƙarfi kuma su kwanta bayan buhuna, kowa da sanda ko itacen tuƙi, kada wanda ya ɗaga kai sai an ce. Kowa ya bi, sai wata tsohuwa Bagobira. Ta zauna jikin randar ruwa kusa da ni da carbinta ta ce, "Ɗan nan, ni ba za a binne ni da raina ba. In mutuwa ce in gan ta."

Sai nahuda ya yi abin da ya ce kada mu taɓa yi. Ya sa aka sassauta shira'inmu, jirgi ya rage gudu kamar mun sallama. Matuƙi ya juyo ya ce, "Iskar za ka ba su?"

"Na ba su," in ji nahuda. "Ita za ta kawo mana igiyarsu."

Ya durƙusa kusa da ni ya nuna mini da yatsa. Tunda ta sama za su zo, iska za ta kumbura shira'insu ta ɓangarenmu. Ƙasan shira'in kuwa igiya ɗaya ce mai kauri take riƙe da shi, an ɗaure ta a bayan jirgi, ita ma ta ɓangarenmu. In ta tsinke, shira'in ya zama tsumma yana kaɗawa, kafin su kamo shi su ɗaura wata mun yi nisa. "Sau ɗaya za ka samu, in Allah ya so ka sau biyu," ya ce. "Kada ka kalli fuskar kowa. Igiya za ka kalla."

Na kwanta rub da ciki, gorar tana gefena. Na ji ihunsu, na ji ƙarar bindiga, harsashi ya shige cikin buhu dawa ta tsiyayo kusa da kunnena. Wani jariri ya fara kuka a ƙasa, aka toshe masa baki da nono. Sai inuwa ta rufe mu. Shira'inmu ya saki ya faɗi kamar rigar da aka shanya, jirginmu ya tsaya, na ji numfashin tsohuwar nan da ƙwayoyin carbinta. Ƙugiyarsu ta faɗo ta kama gefen jirginmu, mai girki ya sare igiyarta da gatari. Nahuda ya ce, da muryar da yake neman shayi da ita, "Yanzu, Takari."

Na miƙe. Igiyar tana nan inda ya ce, a miƙe kamar tsarkiyar baka. Na kai lauje na farko ya zame. Na biyu ya kama. Na ja da hannu da baya da duk abin da Allah ya ba ni, ta tsinke da ƙara kamar an harba bindiga. Shira'insu ya tashi sama yana bugun iska, jirginsu ya karkace, mutanensu suka zube kan juna. Namu suka taso daga bayan buhuna da sanduna suka tokare jirginsu suka ture shi. Rana ta dawo kanmu, shira'inmu ya cika, ma'aikata suka ja igiya, na ji katako ya motsa ƙarƙashin ƙafata.

A lokacin ne na yi abin da aka hana ni, na kalli fuska. Kafin in ja laujen na ga gilmawar wani a tsaye kusa da igiyar, baƙi kamata, tsarana. Yanzu yana cikin ruwa tsakanin jiragen biyu, kuma ba wajen nasu yake iyo ba, wajenmu yake yowa. Da ya ɗago kai na ga tsage a kumatunsa. Ya buɗe baki ya ce, da Hausa tsantsa, "Ku tsaya, don Allah ku tsaya. Ni naku ne."

Abin da ke hannuna gora ce mai wuƙa a baki. Na fara miƙa masa, na tuna, na tsaya juya ta, kafin in juyo da gindinta ya koma baya da tsawon gora uku. Na ruga wurin nahuda na ce, "Namu ne, Bahaushe ne, kama shi suka yi. A juya."

Bai ko dube ni ba. "In na juya, iskar da muka samu ta tafi, kuma ba za su sake kawo mana igiyarsu ba."

"Mutum ne a ruwa."

"Leƙa ƙasa ka ga mutum nawa ne a jirgi."

Na gaya masa maganar da ban taɓa gaya wa babba ba. Na ciccibi murfin katako na ramin kaya na wurga a ruwa. Ban sani ba ko ya kai gare shi. Na ga kansa sau biyu ko uku tsakanin igiyoyin ruwa, daga nan ban ƙara ganinsa ba. Su can suna ta fama da shira'insu. Suna da ƙaramin kwalekwale ɗaure a baya, amma ban ga sun kwance shi ba har suka koma ɗigo kamar yadda suka fara. A cikin jirginmu ana ta kabbara, mata suna kuka suna shi mini albarka, dattijon nan ya karɓi laujensa ya sumbace shi. Ni kuwa na tafi gefe na amayar da shinkafar.

Washegari da la'asar muka sauke maniyyatan a wata gaɓa da babu kowa, kudu da Jidda. Ni na goya tsohuwar nan na ratsa da ita ruwa zuwa tudu. Da na sauke ta sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, na ji abin da ka ji. Tsagen nan irin na garinmu ne."

Na ce, "Iya, igiyar ce ta buge shi, ko shi ya faɗo da kansa da ya ji Hausa a jirginmu?"

"Ni ma ban gani ba," ta ce. "Kada ka ce zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi. In Allah ya kai ni Ɗaki zan yi ɗawafi in roƙa masa. Kai ma ka riƙa yi, kai da kake kusa."

Na ƙara shekara guda tare da nahuda. Bai taɓa tayar da zancen ba, sai rana ɗaya muna ɗinkin shira'i, kansa a sunkuye, ya ce, "Ban san yarenku ba, Takari, amma na gane abin da ya faɗa." Ya ci gaba da ɗinki. Bayan nan na bar teku, na zauna Jidda, na yi dako, na yi gadi, na yi aure. Jiragen inji suka zo, sambuk suka ruɓe a gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Amma kowace shekara sai na hau mota na tafi Makka na yi zagaye bakwai ina roƙa wa mutumin da ban san sunansa ba. Matata ta rasu ba ta san dalili ba. Shekara uku ke nan ban je ba, tun da aka kawo ni nan.

Kwana huɗu bayan cin kifin, ɗana ya dawo daga tuƙi bayan la'asar ya tarar da ni tsaye a tsakiyar falo. Ya ce, "Baba, an ce ko abinci ba ka ci sosai. Mu je mustashfa likita ya duba ka?" Na ce ya ajiye makullin ya zauna. Na ba shi labarin nan tun daga farko, yadda na faɗa yanzu. Wayarsa ta yi ta ƙara, masu neman mota, ya kife ta a kan kujera. Da na gama na ce, "Ina so ka je ka yi mini ɗawafin nan bana. Ƙafafuna ba za su iya ba."

Ɗana ya ce, "Ba ni zan yi ba, Baba. Ranar Alhamis mu tafi tare, in ɗora ka a keke in tura ka. Kai ka san fuskarsa." Na ce to. Ya ɗauki makullinsa ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo. "Amma Baba, in sun tsamo shi fa? In yana da rai?"

Na ce, "In yana da rai, tsoho ne kamata. Yana can wani gari ya zaunar da ɗansa, yana ba shi labarin jirgin Hausawa da ya kira suka ƙi tsayawa."